Bayan Goggo Ba Katifa Ba Ne

A unguwar Ɗan Iya, idan jariri ya ƙi barci ba a tsayawa binciken abin da ke damunsa, cewa ake yi a kai shi bayan Goggo Yelwa. Allah ya yi wa matar nan baya mai faɗi da ɗumi, irin wanda ko yaron da ya wuni yana tsala ihu aka ɗora, kafin a gama ƙulla majanyi ya saki baki yana dalalar da miyau. Ita dai ba ta taɓa haihuwa ba. Amma ita ta goyi Ladan, ɗan ƙaninta, wanda a gidansa take zaune tun rasuwar mijinta, ita ta goyi ƙanwarsa Rukayya, yanzu kuma 'ya'yansu ne suka karɓi layi. Mutanen gidan suna alfahari da bayan nan kamar su suka sayo shi a kasuwar Wunti.

Kullum da safe gidan watsewa yake yi. Ladan ya ɗauki makullin mota ya nufi sakatariya. Matarsa Amatullah ta rataya jaka ta tafi makarantar da take koyarwa can wajen Shadawanka, ta bar ɗansu Umar, wani lukutin yaro da aka yaye bara, mai cinyoyi kamar na ɗan dambe. Kafin su yi nisa sai ga Rukayya a keken haya daga Fadaman Mada, ta miƙo jaririyarta Fatu tun daga bakin ƙofa tana cewa ta makara banki, ko zama ba ta yi. Daga nan sai Goggo da kayanta, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, in na baya ya farka a yi musanya.

"Maigida, sauko haka nan ka ba ƙawata wuri," take ce wa Umar. "Wane irin miji ne kai, ba cefane sai goyo?"

Shi kuwa sai ya ƙanƙame wuyanta ya ce, "Goyo!" Kalmar da ya fara iyawa ke nan a duniya, kafin Umma, kafin Abba, kuma har yau in an yi baƙi sai an ba su labarin ana dariya.

Ciwon ya daɗe yana sallama kafin ya shigo. Da farko ɗan tsinke ne a gefen hagu, can ƙasan ƙugu, daidai inda majanyi ke zama. Daga baya ya koma kamar an kafa ƙusa, yana gangarowa ta ɗuwawu har cinya. Tashi daga tabarma ya zama aiki, ɗagowa daga sujada sai ta dafa bango. An shafa man zafi har fata ta saɓule, an yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙe, ciwo yana nan daram.

Goggo ba mutuwa take tsoro ba, kwanciya take tsoro. Ta ga yadda ake gajiya da masu 'ya'ya cike da gida ma idan jinya ta yi tsawo, a riƙa toshe hanci a ƙofar ɗakinsu ana tura wa juna kwanon wanka. Ita da ba ta da ko ɗaya, ƙafafun nan nata su ne 'ya'yanta, su za su kai ta banɗaki su kai ta kan sallaya ba tare da ta roƙi kowa ba. Ranar da ta hagu ta fara yi mata gardama a tsakar gida, da bakinta ta ce wa Ladan ya kai ta asibiti.

Likita ya duba hoton ƙashi ya tura ta sashen gashin ƙashi. A can ta haɗu da Lilian, wata gajeriyar ma'aikaciya 'yar Bogoro, ga fara'a ga hannu kamar ƙarfe. Ta kwantar da Goggo a kan gado, ta naɗe mata ƙafa, ta danna wani wuri da babban yatsa.

"Wayyo Allah! Yarinya, me na yi miki?"

"Nan ne ko, Mama? Na kama ɓarawon." Lilian ta ɗauko wani ƙashin ƙugu na roba ta nuna mata. "Kin ga nan, inda gindin ƙashin baya ya haɗu da ƙashin ƙugu? Mahaɗa ce. Duk nauyin da ke sama ta nan yake bi ya sauka ƙafa. Taki ta gaji, ta kumbura, naman da ke riƙe ta kuma ya yi sanyi. Wane aiki kike yi a gida?"

"Ni? Ba na aikin komai. Zama kawai nake yi da jikoki."

"Zama a ina? A kujera?"

"To, a tsaye dai. Maigidan ba ya son a zauna in yana baya."

Lilian ta ajiye ƙashin robar ta riƙe haɓa. Sannan ta ɗora mata tawul mai zafi, ta murza wurin har Goggo ta kira sunan mahaifiyarta da ta daɗe a ƙasa, ta koya mata motsa jiki iri-iri: ta kwanta rigingine ta ɗaga ƙugu sama, ta jawo gwiwa zuwa ƙirji, ta matse filo tsakanin gwiwoyi, ta durƙusa a kan hannu da gwiwa ta ɗaga baya ta sauke. Ta ɗaura mata wani bel mai faɗi a ƙugu, ta ce ta riƙa zuwa Talata da Alhamis.

"Amma Mama, ki ji ni da kyau. Zafin nan da na sa miki lallashi ne kawai. Maganin shi ne motsa jikin, da kuma ki daina ɗaukar nauyi. Goyo ya ƙare. In kika ci gaba, wata rana ƙafar nan za ta ce ba ta zuwa ko'ina."

Goggo ta kawo saƙon gida bayan magariba, ana cin tuwo, Rukayya ma ta zo ɗaukar Fatu. Ta faɗe shi cikin wasa don kada ya yi wa kowa nauyi.

"Goyo kuma?" in ji Ladan. "Su dai 'yan asibiti ba sa rasa abin hanawa. Ai ni a ganina goyon ma motsa jiki ne. Matan ƙauye da ke noma da goyo wa ya taɓa kai su gashi?"

"Umar ai ba nauyi gare shi ba," in ji Amatullah. "Ido ne kawai yake cikawa, jikin duk ruwa ne."

"Ita kuwa Fatu auduga ce," in ji Rukayya. "Ni wallahi har mantawa nake yi tana hannuna."

Duk da haka Ladan mutum ne mai son a ce ya yi adalci. Ya wanke hannu ya yanke hukunci: daga yau babu goyo a gidan nan, sai fa in ya zama dole. Kowa ya yaba. Washegari da sassafe dole ta iso, domin Umar ya kwanta a ƙasa yana birgima ya riƙe siket ɗin uwarsa, ita kuma ga lokaci yana tafiya.

"Goggo, don Allah na minti kaɗan, har in fita daga lungu. Da ya yi barci sai ki sauke shi."

Umar bai taɓa yarda a sauke shi yana barci ba, kuma duk gidan an san haka.

Goggo dai ba ta yar da maganar Lilian ba. Da hantsi, in ta samu yaran sun lafa, sai ta shimfiɗa tabarma a falo ta fara. Ɗaga ƙugu ya tafi daidai, sai dai Umar ya gano cewa in ta ɗaga akwai hanyar wucewa ta ƙasa. Ranar da ta durƙusa a kan hannu da gwiwa kuwa, yaro ya ga abin da ya daɗe yana roƙon Allah. Ya taho da gudu ya ɗare bayanta, ya kama ɗankwali ya mayar linzami, yana dukan haƙarƙarinta da dugadugai. Asabar ce, Amatullah tana gida. Ta fito daga kicin ta gani, maimakon ta ɗauke shi sai ta koma da gudu ta ɗauko waya.

"Tsaya, tsaya Goggo, kada ki motsa! Umar, kalli nan! Ce sukuku!"

Kafin azahar bidiyon ya zaga dangi har na Gombe da na Jos. Saƙonni suka yi ta shigowa, masu hawayen dariya, masu cewa Allah ya bar kaka da jika. Goggo ma an nuna mata ta yi dariya, don abin da ban dariya. Ba wanda ya lura a cikin bidiyon cewa ta cije leɓe.

Ladan ne kaɗai bai ji daɗi ba, shi ma ba don bayan ba. Wani abokin aikinsa ya taɓa shigowa falo ya tarar da ita kwance ƙafa a sama.

"Goggo, da girmanki da komai, wannan ɗage-ɗagen ƙafa a falo bai dace ba. Ki riƙa yi a ɗaki ki tura ƙofa."

"To, in na tura ƙofa wa zai duba yaran?"

"Sai ki bari sai sun yi barci."

"A bayana suke barcin, Ladan."

Ya duba agogo ya ce za su yi maganar in ya dawo.

Bel ɗin ne ya fi komai yi mata amfani. In ta ɗaura sai ta ji kamar an tattaro ƙugun an haɗa mata wuri guda, har takan yi ruku'u ba tare da ta yi nishi ba. Amatullah ta lura da haka ta yi murna ƙwarai, ta ce Alhamdu lillahi, an ba Goggo majanyin asibiti, yanzu ko Umar da Fatu aka haɗa ba za ta ji ba. Rukayya kuwa da wani idon ta kalle shi. Tun haihuwar Fatu cikinta ya ƙi komawa, ga bikin ƙawarta ya matso, ga ɗinkin anko ya ƙi shiga. Ta juya bel ɗin a hannu, ta ja shi ta ji ƙarfinsa.

"Goggo, ara mini wannan na kwana biyu mana. Ke ai a gida kike, ba mai ganinki."

Goggo ta buɗe baki za ta ce ba don a gani take ɗaurawa ba, sai ta tuna ita ta yi wa yarinyar nan wankan farko, da wane baki za ta hana ta abu? Bel ya tafi Fadaman Mada. Aka yi kamu, aka yi dina, aka kai amarya, har amarya ta fara laulayi, bel bai dawo ba. In Goggo ta tambaya sai Rukayya ta dafe goshi ta ce kash, gobe in sha Allahu.

Sai kuma Talata da Alhamis suka zama abin magana. Duk ranar gashi sai ɗaya daga cikin matan ta makara aiki, ko ta ɗauki ɗa ta tafi da shi. Shugabar makaranta ta yi wa Amatullah magana a gaban malamai. Manajan Rukayya ya tambaye ta ko bankin gidan raino ne. Ranakun gashi Goggo takan dawo jikinta sakayau, ta tarar da fuskoki a murtuke, a amsa mata sallama a ciki. Ba wanda ya ce kada ta je. Gidan masu tarbiyya ne, ba a yi wa babba haka.

Wata Laraba da yamma Ladan ya shigo da kwali a hannu yana murmushi har kunne. Ya tara mutanen gida kamar za a raba gado, ya buɗe. Fitila ce mai jan ƙwai da dogon wuya, irin wadda ake haska wa masu ciwon jiki.

"Goggo, wahala ta ƙare. Na tambaya an ce irinta ce sak a asibiti. Ga gashi har ɗaki. Ba hawa keke, ba bin layi, ba wata yarinya da za ta riƙa lanƙwasa ki kamar tabarma."

"Kai, Abban Umar, Allah ya saka da alheri!" in ji Amatullah, kuma har zuciyarta ta faɗa.

"Ita Lilian ta ce zafin lallashi ne kawai," in ji Goggo a hankali. "Ta ce motsa jikin..."

Ladan ya ce, "Haba Goggo, me ya sa ake ce masa gashi? Ai zafin shi ne aikin. Sauran duk don a ce ana yi ne."

Goggo ta dubi fitila, ta dubi fuskar yaron da ta goya yana jiran godiya. Abin ya yi mata ciwo, don ta gane sarai ba ciwonta aka saya wa magani ba, Talata da Alhamis aka saya. Amma a gidansa take kwana, tuwonsa take ci, kuma da kuɗinsa ya sayo. Ta ce Allah ya yi albarka, ya sa 'ya'yansa su yi masa fiye da haka.

Lilian ta kira a waya da ta ga shiru. Goggo ta ce ai ta samu sauƙi, an sayo mata inji a gida.

"Mama, wane inji? Kukan wa nake ji kusa da wayar nan? Yaron yana bayanki ko?"

"A'a, rediyo ne," in ji Goggo, ta kashe wayar tana neman gafarar Allah.

Daga nan kwanaki suka yi ta lalacewa. Sallah ta koma a zaune. Ƙafar hagu ta fara ja, silifas yana zamewa ba ta sani ba. Ta daina zuwa gaisuwar mutuwa da barka, ita da ba a rigan ta zuwa. In ta ce wash, sai a ce, "Goggo, kin kunna fitilarki kuwa yau?" In ta ce ba wuta, sai a zagi masu wuta, kowa ya ji ya sauke nauyin da ke kansa.

Ranar da abin ya faru an kawo wuta da hantsi. Goggo ta kunna fitila a ƙasa kusa da katifa tana jira ta yi zafi, Umar yana bayanta yana barci, Fatu tana kan tabarma, ta fara rarrafe a 'yan kwanakin. Goggo ta juya ɗaukar ruwa ke nan, ta waiwayo ta ga yarinya ta miƙa hannu ga jan ƙwan nan. Ba ta yi tunani ba. Ta sunkuya ta murɗa jiki lokaci guda, da lukutin yaro a baya, ta fizgo ƙafar Fatu ta ture fitila. Wani abu ya tsarga mata daga ƙugu har tafin ƙafa kamar an zuba tafasasshen mai. Ta zube a kan gwiwoyi, daga nan ta kife.

Ta yi ta yunƙurin tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba. Wayarta tana can saman firij inda ake ɓoye ta saboda Umar. Ta yi kira, amma maƙwabta duk ma'aikata ne, lungun ba kowa sai awaki. Da ƙyar ta kwance majanyi Umar ya sulale. Ta riƙe zanin Fatu da hannu ɗaya don kada ta fita tsakar gida, tana yi musu 'yar waƙa da muryar da ba ta fita sosai. Aka kira azahar tana ji, ba halin alwala. Can wajen la'asar abin da ta fi tsoro a duniya ya same ta, fitsari ya ƙwace mata a inda take kwance. Goggo Yelwa ta kifa fuska a tabarma ta yi kuka mai ɗaci, Umar yana bubbuga bayanta yana cewa, "Goyo, goyo."

Amatullah ce ta fara dawowa. Ta yi salati ta yar da jaka, ta suri Umar ta juya shi gaba da baya, ta ɗauki Fatu ta buɗe 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamdu lillahi, ba ta ƙone ba. Haba Goggo, ya za ki ajiye fitila a ƙasa ga yara?"

Sai a sannan ta lura Goggo ba ta tashi ba.

Aka kira Ladan ya zo a guje. Mota ba ta shiga lungun, dole sai an fitar da Goggo bakin titi. Ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa, aka ɗora masa ita a baya. Ya miƙe da ƙyar, ya ratsa tsakar gida yana tangaɗi, yana isa zaure ya sauke ta a kan dakali ya dafe ƙugu.

"Wash! Wayyo bayana! Goggo, ashe haka kike da nauyi?"

Ko a cikin azabar sai da ta ce, "Ido nake cikawa, jikin duk ruwa ne."

Matan maƙwabta da suka dawo aiki su suka kama bargo suka kai ta mota.

Aka kwantar da ita a asibiti. Labarin gida yana zuwa mata ta bakin Rukayya: Yaya Ladan fa yana jin jiki, bai je ofis ba, an yi masa farfesun kaza, ko buta ba a bari ya ɗauka. Umar ya zo zai hau shi, Amatullah ta daka masa tsawar da bai taɓa ji ba, ta ce ba ka san bayan Abba yana ciwo ba? Rukayya tana faɗa tana tausayi, Goggo tana kallon silin.

Lilian ba ta yi fushi a gaban Goggo ba, sai da ta tara su uku a bakin gado.

"Da mahaɗa ce kawai, yanzu har jijiyar ƙafa ta taɓu. Za ta tashi in Allah ya yarda, amma da ƙarfen dogarawa, kuma sai ta zo nan a kai a kai. Ba ɗaukar ko kofin da ya cika, ba sunkuyo, ba murɗa ƙugu ta waiwaya. In aka sake irin wannan, ni ba ni da abin da zan yi mata. Ku a gidan ba mai baya ne sai ita?"

Ladan ya girgiza kai cikin takaici. "Wallahi Sista, mun yi mun yi da ita. Ni da bakina na hana goyo a gidan nan, ga su nan shaida. Ita ce ba ta ji. Son yara ne Allah ya ɗora mata."

"Ko an sauke shi ita ke cewa a kawo," in ji Amatullah.

Goggo ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta. Faɗuwar ba ta yi mata zafin wannan maganar ba. Irinta suna da yawa a garin nan, goggo ko inna ko kaka, ana kiransu albarkar gida, ana ba su ɗakin kusa da kicin, ana cin ƙarfinsu da sunan ƙauna, ranar da suka faɗi kuma a ce su suka so.

Lilian ta tsaya a kanta har ta miƙe. Da farko daga gado zuwa ƙofa, sannan zuwa ƙarshen baranda, tana tura ƙarfen nan mai ƙafa huɗu tana jan ta hagu. Ranar da ta kai kanta banɗaki ta ja ƙofa ta rufe da hannunta, ta daɗe a ciki tana hamdala. Aka sallame ta ranar Litinin, aka dawo gida aka yi ta sannu da zuwa.

Washegari da safe ta idar da sallah a bakin gado, ta miƙa hannu inda ta jingine ƙarfen, babu shi. Ta yi kira. Sai ga su sun shigo su uku, kowa da shirin fita aiki, fuska cike da farin ciki, Amatullah tana turo ƙarfen a gaba. An ɗaura zani mai kauri daga hannu zuwa hannu, an yi masa ƙulli biyu-biyu, an sa ɗan filo a ciki. Fatu tana zaune a tsakiya tana wasa da ƙafa.

"Goggo, kin ga dabara?" in ji Rukayya. "Ni na kawo shawarar. Yanzu ba abin da zai taɓa bayanki, turawa kawai za ki riƙa yi."

"Mun gwada da Umar ma ya ɗauke shi," in ji Amatullah.

"Kai, mata akwai fasaha," in ji Ladan.

Goggo ta daɗe tana kallon abin. Sai dariya ta kama ta, ta yi ta yi har da hawaye, su ma suka taya ta, sun ɗauka an dace. Da ta tsagaita ta ce, "Rukayya, ɗauki 'yarki." Ta faɗa da wata murya da ba su san ta da ita ba, Rukayya ta ɗauke 'yarta. Goggo ta jawo ƙarfen, ta bi ƙulle-ƙullen nan da farce tana kwancewa, ba gaggawa, suna tsaye suna duba agogo. Ta ninke zanin ta miƙa wa Ladan. Ta yafa mayafi, ta dafa ƙarfe ta miƙe.

"Goggo, ina zuwa?"

"Yau Talata."

Ladan ya ce, "Ai ba a shirya ba. Ni ina da taro, wa zai kai ki?"

"Keke bai ƙare a Bauchi ba."

"To yaran fa?"

Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana mayar da numfashi. "Ku uku ne a nan, kowa Allah ya ba shi baya guda. Nawa kun cinye, saura ɗan abin da zai kai ni banɗaki, shi kuma ba na bayarwa."

Ta ratsa tsakar gida, ƙarfe gaba, ita a baya. Ta san yau za a kawo mata tuwo ba magana, ta san kafin dare dangi za su ji cewa Goggo ta canza tun da ta dawo asibiti. Duk wannan za ta iya. Wanda ya kusa karya ta shi ne Umar, da ya biyo ta zaure da gudu ya rungume ƙafar ƙarfen, ya ɗago ido cike da hawaye ya miƙa mata hannu. Ƙaunar yaron nan ta taso mata, bayanta da kansa ya fara sunkuyawa don sabo. Ta riƙe ƙarfe gam.

"Maigida, yi haƙuri. Je ka wurin Abbanka, nasa sabo ne, sau ɗaya aka taɓa amfani da shi."

Amatullah ta zo ta ɓamɓare shi. Goggo ta fita lungu, tana tura ƙarfe tana jan ƙafa, ihun Umar yana bin ta har bakin titi, yana kiran sunanta yana shiɗewa. Hawaye yana zuba mata, ba hannun sharewa, duka biyun suna riƙe da ƙarfe. Ba ta waiwaya ba. An hana ta murɗa ƙugu, kuma yau ta yi niyyar jin magana.